Tambayoyin Masu Karatu: Matatar Shawa da Kulorin na Ruwan Pampo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun da muka koma gidan da aka ja wa pampo, nake jin warin jabel a ruwan wanka, fatata tana bushewa har ta yi furu-furu, gashina kuma yana kakkaryewa. Wata ƙawata ta ce in sayi matatar da ake ɗaura wa shawa. Shin tana aiki, kuma wace iri ya kamata in nema? Daga wata mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Warin da kike ji na kulorin ne, sinadarin da ake zuba wa ruwan gari domin ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk wanda ya tuna da annobar kwalara da ta shafi Madarunfa a 2018, da wadda ta sake aukawa jihar Maraɗi a 2021, ba zai so a daina zuba shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 5 a kowace lita, kuma abin da ake so ya iso bakin pampo ya fi wannan ƙanƙanta sosai, wajen 0.2 zuwa 0.5. Duk da ƙarancinsa, yana iya rage maiƙon da fata da gashi ke kare kansu da shi, musamman ga mai fama da kirci ko wadda ke amfani da man miƙar da gashi.

Sai dai ina ba ki shawara kada ki fitar da kuɗi kafin ki tabbatar cewa kulorin ne mai laifin. A garin nan iskar hunturu kaɗai ta isa ta sa fata ta tsattsage, ga sabulu mai kaifi, ga wanka da ruwa mai zafi sosai, kuma babu ɗayansu da matatar shawa za ta yi wa magani. Akwai gwaji mai sauƙi: ki tara ruwa a bokiti ko baho, ki bar shi a buɗe ya kwana ya wuni, domin kulorin yana fita da kansa, hasken rana kuma yana hanzarta fitarsa. Ki yi wanka da wannan ruwa na mako biyu ba tare da kin sauya sabulu ko man shafawa ba. Idan fatarki ta yi sauƙi, matatar za ta amfane ki; idan babu abin da ya canza, matsalar tana wani wuri. Gidan da ke tara ruwa a tanki, ko wanda ke samun ruwa daga rijiyar burtsatse ta gida, sau da yawa ba ya buƙatar wannan matata ko kaɗan.

Idan kin shiga kasuwa, abin da ke cikin matatar shi ne abin tambaya, ba ƙyalƙyalin jikinta ba. Mai gawayi na musamman tana da kyau wajen tace ruwan sha mai sanyi da ke gangarowa a hankali, amma ƙarfinta yana raguwa idan ruwa ya yi zafi kuma yana wucewa da gudu, wanda haka ruwan shawa yake. Wadda na fi amincewa da ita ita ce mai ɗauke da KDF-55, wato ƙananan ƙwayoyi na gaurayen jan ƙarfe da tutiya, waɗanda ke mayar da kulorin wani gishiri marar illa, kuma zafi ba ya hana su aiki. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin a watan Afrilu da Mayu ruwa yana fitowa daga bututu da zafinsa ko ba a dafa shi ba. Akwai kuma mai bitamin C, wadda ke kashe kulorin nan take, amma tana ƙarewa da wuri, don haka ta fi cin kuɗi idan tafiya ta yi nisa. Ki duba kwalin ko akwai shaidar NSF/ANSI 177, ma'aunin da aka keɓe wa matatun shawa game da rage kulorin. Kwalin da ke alfahari da matakan tacewa goma sha biyar ko ashirin, alhali bai faɗi abin da ke ciki ba, ki bar wa mai shago kayansa.

Kafin ki biya, ki tabbatar cewa ana samun abin canji na cikinta a Maraɗi ko Kano, domin yawancin masu ƙera su suna cewa a sauya shi bayan kamar wata shida, kuma ruwa mai yashi ko laka yana toshe shi tun kafin lokacin. Tsohuwar matatar da aka manta da ita takan zama matattarar ƙwayoyin cuta. Ki kuma sa mai gyaran pampo ya duba ƙarfin ruwan gidanku da girman bakin bututu, wanda galibi rabin inci ne, abin da masu sayar da kayan pampo ke kira 15/21. Idan dama ruwa ɗigowa yake yi, matatar za ta ƙara rage shi.

Kada a yaudare ki cewa tana mayar da ruwa na sha. Ba ta cire gishirin da ke hana sabulu kumfa, ba ta kuma cire fulorayid, sinadarin da mutanen garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi suka san illarsa ga ƙashi da haƙoran yara. Ko kin ɗaura ta, ki rage tsawon wanka, ki shafa man kaɗanya tun jikinki da sauran danshi. Idan kuwa ƙaiƙayin ya zo da ƙuraje, ko ya fi tsanani da dare, ko ya bazu ga sauran mutanen gida, ki je asibiti a duba ki, domin ƙazuwa da makero magani suke buƙata.