Na sayar da gidan tafi-da-gidanka bashi a Amurka, mai saye ya daina biya

Tambaya: Ina zaune a Amurka. Bana na sayar da gidajen tafi-da-gidanka (mobile home, gidan da ake iya ja a kai wani wuri) huɗu, ana biyana wata-wata, ban ɗora kuɗin ruwa ba saboda gudun riba. Mutum ɗaya ya yi wata uku bai biya ba, ya kuma kashe waya. Zan iya canza kwaɗo in karɓe gidana?

Amsa: Alhaji, kada ka taɓa kwaɗon nan tukuna. Akwai abin da ya fi wata ukun nan damuna.

Da alama ka ɗauka tunda gidan ba kafaffe ba ne, kuma babu kuɗin ruwa, cinikin tsakaninku ne kawai. A fahimtata ba haka ba ne. Dokar ba da bashi ta tarayya tana ɗaukar irin wannan gida a matsayin mazauni muddin mutum a ciki yake kwana, ko da filin na haya ne. Rubutacciyar yarjejeniyar da za a biya fiye da sau huɗu kuma tana iya shiga ƙarƙashinta ko babu ruwa.

Bayan dokar gyaran harkokin kuɗi ta Dodd-Frank ta 2010, ƙa'idojin CFPB, hukumar kare jama'a a harkokin kuɗi, da suka fara aiki a Janairun 2014 sun yi wa mai sayar da gida bashi sassauci iri biyu daga sharuɗɗan da ke kan masu shirya bashin gida: gida ɗaya cikin wata 12, ko har gida uku bisa sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da bincika ko mai saye zai iya biya. Kai ka sayar da huɗu. Mai yiwuwa ka wuce iyaka, sai dai idan wasunsu don kasuwanci suka saya. Ga kuma batun lasisin masu shirya bashin gida ƙarƙashin dokar SAFE ta 2008, wanda ya danganta da jiharka.

Shi ma mai sayen bai kyauta ba. Wanda ya shiga matsala ai magana yake yi, ba ya kashe waya. Amma fitar da mutum daga inda yake kwana galibi sai da umarnin kotu, kuma a can lauyansa zai fara da tonon takardunka.

Shawarata a nemi sulhu. Ka aika masa sanarwa a rubuce kamar yadda aka saba, sannan ku zauna da mai shiga tsakani: ko a rage abin da yake biya duk wata, ko ya miƙa gidan da kansa ka yafe ragowar, a sa hannu. Ka bincika ko yana biyan hayar filin. Kafin zaman, kai yarjejeniyoyin huɗun duka wurin lauyan jiharka, kuma ka dakatar da sayar da na biyar.