Motar da aka ƙara wa ƙarfi da awon hayaƙi a Kalifoniya

Malam, ka ce ka ga hoton samarinmu na nan kwance a ƙarƙashin mota suna mayar da salansar kamfani saboda awon hayaƙi, har kana tambaya ko mun zama Turawa ne, da muke shan wahala a kan abin da bakanike zai cire cikin rabin awa. Ba mu zama ba. Yaron da ka gani da sifana a hannu, ko da uwarsa Ba'amurkiya ce, rusunawa yake ya gaida manya, kuma in watan azumi ya kama, da azumi a bakinsa yake wannan aikin. Ba kuma wutsiyar gari kawai muka ɗaura ba. Duwatsu sun tare Los Anjelis, hayaƙi ba ya samun mafita, 'ya'yanmu ne ke shaƙarsa. Tun 1984 jihar take awon motoci.

Duk shekara biyu ake yi, kuma ba a sabunta rajista sai an ci. Motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba ruwanta, sababbi kuma ana ɗaga musu ƙafa shekara takwas. Ƙirar 1976 zuwa 1999 ma'auni ake zura wa bakin salansa. Daga 2000 zuwa yau waya ake jonawa a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, kwamfuta ta karanta birenbos, wato kwamfutar motar, kai tsaye, sakamako ya tafi hukuma ta intanet. Maganar a ga mutum a gefe ba ta taso ba, don mai awon da lasisinsa yake cin abinci.

Kafin waya, ido ake fara sawa. Zai buɗe bonet, kuma duk kayan ƙarin ƙarfi da ya shafi hayaƙi, bututun shan iska ne, tobo ne ko manifol, sai yana da lambar izini da ake kira EO, mai farawa da harafin D, daga CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar. A nan yara ke yawan faɗuwa: lambar ba ta isa ba sai ta haɗa da ƙirar motarka, shekararta da injinta. Kayan da aka rubuta wa "na filin tsere kaɗai" ba ya wucewa, ko da hayaƙin ya fi na sabuwar mota tsabta. Salansar da ke bayan indomi, wato matatar hayaƙin mota, kuwa canza ta yadda kake so, in dai ƙararta ba ta haura desibel 95 ba.

Indomin nan da ake raina shi a gida, saƙar zuma ce ta yumɓu da aka shafe da filatinom, faladiyom da rodiyom, tana ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Sensa biyu ke gadinsa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. In aka cire shi, ko aka sa mai manyan ƙofofi don iska ta wuce da sauri, karatun ta baya sai ya koma irin na ta gaba, birenbos ya jefo lambar P0420, fitilar injin ta kama. Fitila a kunne faɗuwa ce nan take. Masu ɗaura ɗan ƙarfe don janye sensa daga bakin hayaƙi kansu suke cuta, mai awo yana haska tocila zai gan shi.

Sai manhajar birenbos. Tun watan Yulin 2021 na'urar awo tana karanta shaidar manhajar, kuma in ba ta kamfani ba ce ko wadda ke da EO, mota ta faɗi. Amma kada a mayar da manhaja a bar kaya. Manyan nozul da manhajar kamfani ambaliyar mai suke yi, lambar P0172 ta fito, ɗanyen man ya gangara ya narkar da indomi. Tare ake mayar da su. Shi ya sa a cikinmu ba a sayar da kayan kamfanin da aka kwance: kwali ake samu a zuba, kowane noti a ledarsa da rubutu.

A yi wannan saura mako biyu ko uku, ba ana gobe awo ba. Sake manhaja, goge lamba ko cire kan batir duk suna share gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta, kuma sai waɗanda doka ta nema sun sake cika za a karɓe ta. A bar mai tsakanin kwata da kwata uku na tanki, mota ta kwana ta huce, a tayar da ita da sanyi ta yi minti biyu ko uku a tsaye. A hau babban titi a riƙe mil 55 zuwa 60 a awa kamar minti goma, a saki totur ta sauko da kanta ba birki, sannan a shiga cikin gari. Ana maimaitawa kwana da kwanaki, ana dubawa da 'yar na'urar OBD. Gwajin tururin tanki ne ke zuwa ƙarshe, kuma murfin tanki mai sako-sako kaɗai ya isa ya hana shi. A motocin 2010 zuwa sama akwai lambar matsala da ba ta goguwa da hannu: ko mota ta share ta da kanta bayan gyara, ko a yi mil 200 da ɗumama inji sau 15 kafin na'urar awo ta ƙyale ta.

Wanda ya sauya inji gaba ɗaya kuma wurin alƙalin awo na jiha zai je. Injin ya zama sa'an motar ko ya fi ta sabunta, da duk kayan hayaƙinsa.

Abin da ke mana ciwo, Malam, mu turo mota gida da komai nata cif, fitila na kamawa sai a ce indomi ne, a fasa shi. Don Allah a fara duba fulogi, koyil da sensa. Yawanci injin da ke tsallake wuta ne ke kashe shi, kuma in ba a gyara wannan ba, fitilar za ta dawo.