Bindigata ta toka tana kauce wa saiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Bindigata ta toka tana jefa dalma ƙasa, ta kuma karkata hagu. Yaya zan gyara saitinta? Daga wani maharbi a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa ƙarafan saiti tukuna. Ɗora bindigar kan buhun yashi, ka yi harbi uku daga mita 50, albarushi awo ɗaya, dalma nauyi ɗaya, kana goge cikin bututun bayan kowane harbi. In ramukan da dalma ta yi a jikin abin da ka harba sun warwatse, laifin ɗuri ne, ko albarushin ya sha danshi.

In sun taru wuri guda, tabbatar babu ɗuri a ciki, sannan ka doki tsagar baya, wato ƙarfen saiti na baya, a hankali zuwa dama, ka sa guntun tagulla tsakaninta da guduma. Ita ta baya takan bi inda kake son dalma ta faɗa, ƙarfen gaba kuwa akasin haka. Don harbin ya tashi sama, rage tsayin ƙarfen gaba da magagari, guga biyu ka sake gwadawa, domin abin da ka goge ba ya dawowa.

In tazarar ƙarafan biyu santimita 50 ce, motsin milimita 1 yana kawar da dalma santimita 10 a mita 50.

Don Allah kada ka ɗura mata garin harsashin zamani, yana fasa bututu.