Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ke cizo a gidan raino

Assalamu alaikum 'yar uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu da iyaye suka gama kwasar 'ya'yansu na samu zama. Kin ce yaronki shekararsa 3, har yau bai haɗa kalma biyu ba, yana cizon yara a gidan rainon da kike kai shi, mai wurin ta ce ko ki kai a duba ƙwaƙwalwarsa ko ki nema masa wani wuri, asibitin kuɗin da aka kwatanta miki kuma ya fi ƙarfin albashinki. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Ni ma gidan raino nake riƙewa a nan Kaduna, shekara 11 ke nan, kuma na raka uwaye da dama wannan hanya.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki sayi littafin rubutu ki ba antin ajinsa. Ki roƙe ta, ta yi sati biyu tana rubutawa: ƙarfe nawa ya yi cizon, me ya faru kafin nan, ya ci abinci ko da yunwa, akwai hayaniya ko an ƙwace masa abin wasa. Ta lura ko yana waiwayowa idan aka kira sunansa daga baya, ko yana nuna abin da yake so da yatsa, ko yana kallon idon mutum. Ke ma ki ɗauki gajeren bidiyo a gida da wayarki. Likita minti kaɗan zai yi da yaro, yaron ma a tsorace, ita kuwa anti da shi take wuni. Na sha ganin littafin nan ya rage wa uwa zirga-zirgar asibiti.

Sannan ki fara da kunne. Wannan ina faɗarsa da ƙarfi, domin na taɓa yin kuskure a kai. Akwai wani yaro da muka yi kusan shekara muna cewa taurin kai ne, yana ture yara, ba ya jin kira. Ashe da gaske ba ya ji sosai. Ya yi ciwon shawara mai tsanani yana jariri, mu kuma ba mu san tana iya taɓa ji ba. Sanƙarau ma haka, da ciwon kunnen nan mai zubar da ruwa da muke rainawa. Har yanzu idan na tuna tsawar da aka yi wa yaron nan raina yakan ɓaci. Yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba, wanda ba shi da bakin cewa “ba ni” kuwa, haƙori zai sa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa ma suna gwajin ji.

Idan kunne lafiya, ki ga likitan yara a asibitin gwamnati, shi zai tura ki inda ya dace. Ba ki faɗi garinku ba. Mu nan asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa muke zuwa, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A Kano akwai na Malam Aminu Kano da na Dawanau, a Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ki yi sammako, ki tafi da abincinsa da littafin nan. Ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, don sukan duba halin wanda ba shi da ƙarfi. In kina da inshorar lafiya ta wurin aiki ko ta jiha, irin KADCHMA a nan, ki tambaya me ta ɗauke kafin ki biya.

Na san abin da ke ranki, za a ce kin kai ɗanki asibitin mahaukata. Dangin miji za su yi magana, wata ta ce aljanu ne, wata ta ce baki ne. Ki yi masa addu'a, ki tofa masa safe da yamma, babu abin da ya fi. Amma na ga uwar da ta sayar da 'yan kunnenta a kan hayaƙi da turare, shekara biyu suka wuce, kuma shekarun nan na farko su ne yaro ya fi saurin koyo. Ko da likita ya ce galahanga ce, wato lalurar da ke wahalar wa yaro da magana da cuɗanya da mutane, ba hauka ba ce, kuma ba laifinki ba ne.

Abin da mutane ba sa so su ji shi ne, yawancin taimakon ba ƙwaya ba ce ko allura. Koyarwa ce ta kullum, ke da anti za ku yi ta. Ki roƙi likita ko mai koyar da magana ya nuna miki abu biyu ko uku, ki je ki nuna wa anti. A wurina mukan zaunar da irin wannan yaro kusa da anti, nesa da ƙofa. Mu yi masa magana gajera, a durƙushe daidai fuskarsa. Mu liƙa hoton kofi da na fo da na tabarma a bango ya riƙa nunawa. Lokacin ci da na barci ba ya canzawa. In ya yi cizo, a janye shi a ce “a'a, da zafi”, a rarrashi wanda aka ciza. Ba a ramawa, ba a duka. Ki kuma rage masa waya. Ki tabbatar ba a ba shi maganin mura mai sa barci don ya yi shiru, wannan zalunci ne.

Wata tambayar kuma: ya taɓa magana ya daina, ko wani abu ya faru a gida? Mun taɓa karɓar yarinyar da iyayenta suka gudo daga wajen Birnin Gwari, da ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin tebur. In da irin wannan, ki faɗa wa likita, kada ki ɓoye.

Ita kuma mai gidan rainon, kada ki je mata da faɗa. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma ni na san tsoron iyayen yaran da aka ciza take ji. Ki nemi ta ba ku wata biyu, ki nuna mata kin fara neman magani. In ta ƙi, ki nemi ƙaramin wuri mai yara kaɗan, ko da babu fenti da lilo.

Ki fara da littafin gobe in Allah ya kai mu. In sakamakon kunnen ya fito, ki dawo ki faɗa mana.