Tambaya da Amsa: Hular kwanon keken titi za ta yi a hawan dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hular kwano mara nauyi irin ta masu tseren keke a kwalta. Yanzu na sayi keken dutse, muna fita da abokai ta wajen madatsar ruwan Gubi, wani lokaci har duwatsun Dass. Wasu sun ce sai na sake hula. Gaskiya ne, ko ɓarnar kuɗi ce kawai? Daga wani mai karatu a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kifa hular ka leƙa cikinta. In ka ga 'yar takarda manne mai ɗauke da CPSC ko EN 1078, to ta gaske ce. Na farkon ma'aunin Amurka ne, na biyun na Turai, kuma hular titi da hular dutse ta yau da kullum duk gwaji ɗaya ake yi musu. A Amurka daga tsayin mita 2 ake sako ta a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a Turai mita 1.5, wato bugu mai gudun kimanin kilomita 20 a awa. Saboda haka a hanyar burji, ko ta gona, ko labin shanu, taka ta wadatar. Kada wani ya tsorata ka.

Inda take gazawa shi ne wurin da ba ta rufe ba. Mai faɗuwa a kwalta galibi gaba ko gefe yake kifawa, ya zame a kan shimfiɗa. A gangaren dutse labari ya sha bamban: tayar gaba ta cije a rami, ko ka damƙe birkin gaba da ƙarfi, sai keken ya wuntsila ka, ka mirgina, kai ya sauka ta kowace fuska a kan dutse mai tsini. Hular titi ta tsaya a saman ƙeya. Ta dutse kuwa tana saukowa ta rufe ƙeyar, ta kuma sauko gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ba shi da kauri. Sa taka, ka kai hannu baya ka shafa. Duk inda yatsunka suka taɓa fata, nan dutse zai samu.

Ga kuma ramukan shan iska. Na hular titi manya ne, abin so a zafin Maris da Afrilu, amma reshen bagaruwa ko tsinin dutse na iya zurawa ta ciki. Hular dutse tana da baki a gaba kamar na hana-sallah, mai kare fuska daga ƙaya da hasken rana. Wannan kam tabarau ma zai ɗan rage maka.

To, in fitarku ta tsaya a gefen Gubi da hanyoyin ƙauyuka, riƙe taka. In kun fara gangaro falalen dutse a Dass, sayi ta dutse. Nauyinta bai fi giram 350 zuwa 400 ba, ta titi kuma 250 ko kusa da haka, wuya ba zai ji bambancin ba. Mai rufe haɓa gaba ɗaya ta masu tsalle da gangaren gudu ce, ma'auninta ASTM F1952. In ka samu mai alamar MIPS, wata leda ce a ciki da ke zamewa milimita 10 zuwa 15 don rage murɗawar da ke girgiza ƙwaƙwalwa. Tana da amfani, amma hular ta yi daidai da girman kanka ya fi ta muhimmanci.

Auna kewayen kanka da tef ɗin tela, sama da gira kaɗan. Santimita 55 zuwa 59 yawanci matsakaiciya ce. Hular ta zauna daidai, faɗin yatsa biyu sama da gira, ba ture-ka-ga-tsiya ba. Igiyoyin su haɗu ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shige. Buɗe baki sosai: in ba ka ji hular ta danno kai ba, ƙara ɗaurewa. Kuma kada ka sa ta a kan zanna ko wata hula mai kauri.

Tambaya: Na ga hular dutse ta gwanjo da araha, ba ta da ko ƙwarzane. In saya? Daga wata mai karatu a Fadaman Mada.

Amsa: 'Yar'uwa, ba mu ba ki shawara ba. Abin da ke kare kai shi ne soso mai taurin nan na ciki, ɗan'uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali. Murƙushewa yake yi ya shanye bugu, kuma sau ɗaya tak yake wannan aikin, ba ya dawowa. Robar waje tana iya ƙyalli alhali ciki ya tsage, ba ki kuma san wanda ya faɗi da ita ba. Sabuwar hular titi mai takardar gwaji ta fi ta dutsen da ba a san tarihinta ba. Idan kin saya, kada ki bar ta a mota cikin rana, kada fetur ko kananzir ya taɓa ta, domin suna cin soson. Ruwa da sabulu sun isa wanki. Duba ranar ƙira a cikinta, masu yin ta kan ce a sauya bayan shekara 3 zuwa 5.