Amsa kan tafiya Sifen da karnuka a jirgin ruwa

Ɗan'uwa, ka ce za ka bar Ingila da motarka mai ɗakin kwana a Disamba, da karnuka biyu, kana tambayar ta ina za ka fara. To fara da tikitin jirgi tun yanzu, don ɗakunan da ake yarda kare ya kwana tare da kai a jirgin Brittany Ferries daga Potsmos a Ingila zuwa Santanda a arewacin Sifen ba su da yawa, nan da nan suke ƙarewa. In ka rasa sai keji, kuma tafiyar ta fi kwana ɗaya, ga tekun Biske da tsananin igiya lokacin sanyi, wallahi tawa karyar haka ta kwana tana rawar jiki ko ruwa ta ƙi sha, tun daga ranar ban ƙara yarda da keji ba. Ka taho da takunkumin baki, za su nema.

Sai takardu. Allurar ciwon haukan kare sai ta cika kwana 21 kafin ku tashi, takardar lafiya kuma likitan dabbobi zai ba ka cikin kwana 10 kafin ku shiga Sifen. In za ku dawo a ba su maganin tsutsar ciki tsakanin kwana 1 zuwa 5 kafin ku shiga Ingila. Kwana 90 kawai aka yarda ka zauna a can cikin kwana 180.

Kar ka ɗauka da saukarka zafi ne, wajen garin Burgos a arewa sanyi har ruwan tanki yana daskarewa, ka cika gas tun gida. A kudu kuma ka kula da tsutsotsi masu gashi da ke jerin gwano a ƙarƙashin bishiyar fayin, kare ya lasa harshensa kumbura yake yi, don Allah ka riƙe igiyarsu.