Me Ya Sa Sandar Rubutu Ba Ta Sauka a Gurbin Farko na Fom?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa wa wani shagon sari a Babbar Kasuwar Maradi fom na rasit a shafin yanar gizo. Ina so da an buɗe shafin, sandar rubutu ta sauka a gurbin sunan mai saye, ba sai yaron shago ya kai hannu ga linzami ba. Na rubuta umarnin JavaScript document.getElementById("suna").focus() a cikin head, wato sashen farko na HTML ɗin shafin, amma shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Barka dai, ɗan'uwa. Umarninka daidai ne, lokacinsa ne bai yi ba. Burauza daga sama take karanta shafi zuwa ƙasa. Sa'ad da ta iso kan layinka a head, ba ta riga ta gina gurbin ba, sai getElementById ya dawo da null, wato bai samu komai ba, aikin ya tsaya nan. Kamar yin sallama ne a gidan da ba a gina ba. Danna F12, ka duba Console, za ka ga jan rubutun kuskuren.

Gyaran: mayar da script ɗin ƙasa, dab da ƙarshen body, wato sashen da ke ɗauke da abin da ake gani a shafin, ko ka naɗe umarnin cikin document.addEventListener("DOMContentLoaded", ...). In script ɗin a fayil daban yake, ƙara masa defer. In kuwa buɗewar farko kawai kake nufi, sa autofocus a jikin input ɗin ya wadatar, amma gurbi ɗaya tak a shafi.

A shagon sari kuwa, inda focus() ya fi amfani shi ne bayan an adana rasit ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. A nan autofocus ba ya komai. Kira reset() a kan fom ɗin, sannan focus() a gurbin suna, yaro ya wuce ga mai saye na gaba hannunsa bai bar kibod ba. In akwai tsohon farashi da za a canza, kira focus() a gurbin farashin, ka bi shi da select(), sabon adadi ya hau kan tsohon. In an bar wani gurbi mai required (wanda dole a cike) fanko, querySelector("input:invalid") zai nemo maka na farkon da ke da matsala, ka kai sandar can.

Idan ya ƙi duk da haka, duba ko gurbin yana da disabled, ko an ɓoye shi da display:none. Dole ka fara bayyana shi kafin ka kira shi. Duba kuma harafin id, don "Suna" da "suna" ba ɗaya ba ne. Div ma ba ya karɓa sai an sa masa tabindex.

A iPhone, Safari ba ya fito da kibod sai in mutum ne ya taɓa allo, saboda haka ɗaura focus() a kan maɓalli.

Don Allah kada ka share zoben da ke kewaye gurbi da outline:none don ado. Mai aiki da maɓallin Tab na kibod da shi yake sanin inda yake, balle mai raunin gani.